Gidaje a Kulle, Mutane a Titi: Muhawarar Harajin Gidan da Ba Kowa

Harajin gidan da ba kowa kuɗi ne da hukuma ke ɗora wa mai gida idan ya bar gidansa a kulle mafi yawan shekara, shi bai zauna ba, bai kuma ba da haya ba. Ya sha bamban da sauran haraji ta fuska guda: hukumar da ta ƙaƙaba shi ta fi son kada a biya, domin duk gidan da ya fita daga jerin masu biya, gida ne da wani ya samu ya shiga. Faransa ta fara karɓarsa tun 1999, amma birnin Vancouver da ke gaɓar tekun yammacin Kanada ne ya jawo hankalin duniya a kansa, bayan ya kafa nasa a 2017. Abin da ake kai ruwa rana a kai shi ne ko wannan haraji zai iya sauko da kuɗin haya, ya kuma raba mutane da kwanan titi. Amsar tana buƙatar a rarrabe abubuwa uku da aka saba cakuɗawa: tsadar gida, gidajen da aka bari a kulle, da rashin matsuguni. Ukun suna da alaƙa, amma kowanne da musabbabinsa.

Yadda ake auna tsadar gida

Ma'auni biyu aka fi amfani da su. Na farko na 'yan haya ne: idan kuɗin haya da na wuta da ruwa suka cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu, to gidan ya fi ƙarfinsu. Idan suka kai rabi, iyalin na bakin gaɓa, domin jinya guda ko sallama daga aiki ta isa ta jefa su waje. Kanada da Amurka duk da wannan ma'auni suke aiki, kuma wata cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar Harvard ta gano cewa a 2022 rabin 'yan hayar Amurka, iyalai miliyan 22 da ɗoriya, sun tsallake wannan iyaka. Ma'auni na biyu na masu saye ne: a ɗauki farashin matsakaicin gida a gari, a raba shi da abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara. Idan sakamakon bai wuce 3 ba, gida na da sauƙi. A Vancouver ya daɗe yana kai-kawo a wajajen 12, abin da ya sa birnin ke zuwa a sahun gaba, tare da Hong Kong da Sydney, a jerin biranen da mallakar gida ta fi wuya. Gida mai filin kansa a yankin ya kai kusan dalar Kanada miliyan 2.

Dalilan tsadar sun taru sun yi yawa. Teku ta tare birnin ta yamma, duwatsu sun tare shi ta arewa, iyakar Amurka na kudu da shi, kuma tun 1973 lardin British Columbia ya keɓe gonakin da ke kewaye da shi ya hana gini a kansu. A cikin birnin kuma, shekaru aru-aru dokar tsara gari ta keɓe mafi yawan filayen zama ga gidajen iyali ɗaya-ɗaya, ba a yarda a tada bene mai fulat da yawa a kansu ba. A 1993 gwamnatin tarayyar Kanada ta daina zuba kuɗi a gina sababbin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Bayan rikicin tattalin arzikin 2008 kuɗin ruwa ya faɗi warwas, bashin sayen gida ya yi arha, masu kuɗi na gida da na waje suka mai da gidaje wurin ajiyar dukiya. Jama'a kuma ba ta daina ƙaruwa ba: a 2022 da 2023 yawan mutanen Kanada ya ƙaru da fiye da miliyan ɗaya kowace shekara, akasari ta hanyar baƙi.

Akwai kuma wani ma'auni na uku da ya fi nuna halin da ɗan haya ke ciki, wato kason gidajen hayar da ke buɗe suna jiran mai shiga. Masana na ganin kasuwa tana da lafiya idan kason ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A 2016 na Vancouver bai kai kashi 1 ba: cikin fulat dubu na haya, waɗanda ke buɗe ba su cika goma ba. A irin wannan yanayi mai gida ke da wuƙa da nama. Ranar duba fulat mutane kan yi layi, kowa riƙe da takardar albashi da shaidar tsohon mai gidansa, kuma wanda albashinsa ya fi ƙanƙanta ko yake da tabo a tarihin biyan haya, shi ake fara tsallakewa.

Asalin harajin da yadda yake aiki

Mazauna Vancouver sun daɗe suna nuna dogayen benayen unguwar Coal Harbour da ke bakin ruwa, inda tagogi da yawa ke zama cikin duhu da dare, suna cewa masu su sun saya ne don ajiya. Hukumar birni ta so ta san gaskiyar zancen, sai ta sa aka bi bayanan mitar wutar lantarki na gidaje kimanin 225,000. Gidan da ake zaune a ciki wutarsa kan hau ta sauka tsakanin safe da dare. Wanda ba kowa kuwa layi ɗaya yake bi, firji kawai ke ja. Rahoton da ya fito a watan Maris na 2016 ya nuna gidaje kusan 10,800 sun shekara ko fiye ba kowa a ciki, kuma kusan tara cikin goma fulat ne a benaye. A shekarar ce kuma majalisar lardi ta gyara dokar da ta kafa birnin don ba shi ikon karɓar harajin, majalisar birni ƙarƙashin magajin gari Gregor Robertson ta amince da shi a watan Nuwamba, ya fara aiki a 2017.

Tsarin mai sauƙi ne a takarda. Kowace shekara duk mai gida a birnin zai cike takardar bayyana halin gidansa. Idan gidan shi ne mazauninsa na asali, ko an ba da shi haya na aƙalla wata shida a shekarar, ba zai biya komai ba. Hayar 'yan kwanaki irin ta masu yawon buɗe ido ba ta shiga lissafi, sai wadda ta kai kwana 30 a jere. An yi rangwame ga gidan da mai shi ya rasu ana jiran rabon gado, da wanda mai shi ke kwance a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, da wanda ake yi wa babban gyara da izinin hukuma, da wanda kotu ta hana shiga. Wanda bai cike takarda ba ana ɗaukar gidansa a matsayin wanda ba kowa, wanda kuma ya yi ƙarya tararsa na iya kai dala 10,000 a kowace rana. Ma'aikata kan zaɓi wasu takardun su bincika, su nemi shaida irin lasin tuƙi mai adireshin gidan, takardar inshora ko yarjejeniyar haya.

An fara da kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida, aka ɗaga zuwa 1.25 a 2020, sannan 3 a 2021. An yanke a kai shi 5 a 2023, amma sabuwar majalisar birni ƙarƙashin magajin gari Ken Sim ta mai da shi 3. Ma'ana, fulat da hukuma ta yi wa ƙimar dala 800,000, idan aka bar shi a kulle, mai shi zai biya dala 24,000 a shekara, ban da harajin gida na yau da kullum. Bayan an cire kuɗin gudanarwa, abin da ya rage ana zuba shi a shirye-shiryen gidaje masu sauƙi. Lardin ma ya bi sahu: ya ɗora wa 'yan ƙasar waje harajin kashi 15 cikin 100 idan za su sayi gida a 2016, ya ɗaga zuwa 20 a 2018, kuma a shekarar ya ƙirƙiro nasa harajin gidajen ajiya da ya shafi manyan biranen lardin.

Abin da harajin ya haifar

Alƙaluman hukumar birni sun nuna cewa gidajen da aka yanke wa hukuncin ba kowa sun ragu da fiye da rabi tsakanin 2017 da 2023, daga dubu biyu da ɗoriya zuwa dubu ɗaya da 'yan kai. Hukumar gidaje ta tarayyar Kanada ta ba da rahoton cewa a 2019 kaɗai fulat fiye da 11,000 na masu zaman kansu sun shiga kasuwar haya a yankin Vancouver, mafi yawansu tsofaffi ne da masu su suka sauya shawara, kuma ta danganta hakan da harajin birni da na lardi. Kuɗin da birnin ya tara don gidaje masu sauƙi ya haura dala miliyan 140. Ta wannan fuska harajin ya yi aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa.

Sai dai haya ba ta sauko ba. A 2023 kuɗin da ake nema kan fulat mai ɗakin kwana ɗaya ya haura dala 2,500 a wata, kason gidajen hayar da ke buɗe kuma ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ƙidayar marasa matsuguni da aka yi a yankin a watan Maris na 2023 ta samu mutum 4,821, ƙarin fiye da kashi 32 cikin 100 a kan 3,634 na 2020, kuma masu ƙidayar da kansu kan ce adadin bai kai na gaskiya ba, domin ba ya kama masu raɓewa a gidajen 'yan'uwa da abokai. Sauƙin da aka fara gani a 2024, lokacin da kason gidajen da ke buɗe ya hau zuwa kashi 1.6, ya zo ne bayan an kammala sababbin benayen haya da yawa, lardi ya taƙaita hayar 'yan kwanaki irin ta Airbnb, gwamnatin tarayya kuma ta rage yawan ɗaliban ƙasashen waje da take ba izinin shiga.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan harajin suna kallon gidan da aka kulle a garin da ake neman wurin kwana kamar hatsin da ɗan kasuwa ya ɓoye a sito lokacin bazara yana jiran farashi ya tashi: kayansa ne, amma ɓoyewar na ƙara wa kowa tsada. Sun ce darajar gidan tana ƙaruwa ne saboda tituna, makarantu, jirgin ƙasa da tsaron da jama'a suka biya, don haka mai shi ba zai ci ribar wannan ya kuma hana gari amfanin gidan ba. Sun ƙara da cewa babu hanyar da ta fi wannan saurin samar da gidan haya, domin an riga an gina shi, mabuɗi kawai ake jira, alhali sabon bene kan ci shekaru kafin a gama. Kuma nauyin ya fi faɗa wa masu gida fiye da ɗaya.

Masu suka iri biyu ne. Na farko suna magana ne kan haƙƙin mallaka: mutum ya sayi gida da guminsa, yana biyan harajin gida, babu dalilin tilasta masa ya zama mai ba da haya. Sukan kawo misalin dattijon da ke zaune a ƙauye yana da ɗan fulat a birni don zuwa ganin likita ko jikoki, ko ma'aikacin da aiki ke kai shi wata ƙasa. Wasu kuma sun yi gargaɗin cewa yawan maganar kuɗin waje na iya komawa tsangwamar 'yan asalin Sin, waɗanda suke da yawa a Vancouver, da dama cikinsu a can aka haife su. Na biyu masana tattalin arziki ne da ba su ƙi harajin ba, sai dai suna ganin an kambama shi. A ganinsu gidaje 'yan dubbai ba za su cike giɓin da ya kai dubun-dubata ba, kuma fa'idar sau ɗaya take zuwa: da zarar gidajen sun shiga haya, babu wasu da za a sake fitowa da su baɗi. Sun kuma ce 'yan siyasa na son irin wannan haraji saboda yana ɗora laifi kan baƙo mai kuɗi, ya ɗauke ido daga dokokin gini da masu gidajen unguwa, waɗanda su ne masu jefa ƙuri'a, ba sa so a taɓa. Hukumar binciken halasta kuɗin haram da alƙali Austin Cullen ya jagoranta ta ƙarfafa wannan ra'ayi a rahotonta na 2022, inda ta tabbatar da cewa kuɗin haram na shiga harkar gidaje a lardin, amma ba ta same shi a matsayin babban dalilin tsada ba.

Darasin wasu wurare

A Faransa an fara harajin ne a manyan birane takwas, ciki har da Paris, Lyon da Bordeaux, aka faɗaɗa shi a 2013, kuma tun 2023 ana karɓar kashi 17 cikin 100 na ƙimar hayar gidan a shekarar farko, 34 a shekarun da ke biye. Binciken masaniyar tattalin arziki Mariona Segú da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa a shekarun farko harajin ya rage gidajen da ba kowa da kashi 13 cikin 100 a biranen da ya shafa. A Ingila tun 2013 ƙananan hukumomi ke da ikon ƙara wa irin waɗannan gidaje haraji, yanzu ƙarin na kai ninki uku ga gidan da ya shekara goma a kulle, amma iyalan da ke zaune a masaukin wucin gadi sun haura 100,000 tun 2023.

Toronto ta nuna inda gudanarwa ke iya kwaɓewa. Ta kafa nata harajin a 2022, sai a 2024 masu gidaje fiye da 150,000, mafi yawansu suna zaune a gidajensu, suka samu takardar neman biya saboda ba su cike takardar shekara ba. Dattawa suka cika ofisoshin hukuma riƙe da takardun dubban daloli, har sai da birnin ya soke su ya sake tsarin. A jihar Kalifoniya ta Amurka masu zaɓen Oakland sun amince da harajin da ke kai wa dala 6,000 a shekara kan gida ko filin da aka bari a banza a 2018, na San Francisco suka amince da nasu a 2022, amma kotu ta soke shi a ƙarshen 2024 bayan masu gidaje sun kai ƙara. A Oakland ɗin ne kuma, a watan Nuwamba na 2019, wasu iyaye mata marasa matsuguni suka shiga wani gida da wani kamfanin saye da sayar da gidaje ya bari a kulle, suka zauna kusan wata biyu da 'ya'yansu kafin jami'an tsaro su fitar da su da asuba a watan Janairu. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka sayar da gidan ga wata ƙungiyar al'umma mai riƙe filaye don masu ƙaramin ƙarfi.

Wane gida ne ba kowa?

A Amurka ana yawan cewa gidajen da ba kowa sun ninka marasa matsuguni sau da yawa, kuma a lissafi haka ne: ƙidayar 2020 ta samu gidaje miliyan 13.7 ba kowa, ƙidayar marasa matsuguni ta Janairun 2024 kuma ta samu mutum kimanin 771,000. Amma idan aka buɗe adadin farko, za a ga gidajen hutu a jihohi irin Maine da Vermont, da gidajen da ke kasuwa ana neman mai saye ko ɗan haya, da waɗanda ake gyarawa, da kangwayen birane irin Detroit, wanda mutanensa suka ragu daga miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin 640,000 a 2020. Japan na da gidaje miliyan 9 da ba kowa a ƙidayar 2023, da yawansu a garuruwan da matasa suka bari. Gidan da ke kulle yakan kasance inda babu aiki, marar matsuguni kuma yana inda aikin yake. Ko a gari ɗaya ma akwai ratar farashi: fulat na alfarma a Coal Harbour idan ya shiga haya, mai babban albashi zai kama shi. Amfaninsa ga talaka sai a kaikaice, idan wanda ya shiga ya saki gida mai rahusa, wani ya shiga wannan ya saki nasa, har sauƙin ya gangaro ƙasa.

Abin da ke kai mutum titi

A titin East Hastings da ke unguwar Downtown Eastside ta Vancouver, tantunan masu kwana a waje sun jeru a gefen hanya har sai da hukuma ta kwashe su a watan Afrilu na 2023, kamar yadda aka kwashe na dandalin Oppenheimer a 2020 da na Strathcona a 2021. Mai wucewa abin da zai fara gani shi ne shaye-shaye da taɓin hankali, kuma matsalar gaskiya ce: tun 2016 lardin ya ayyana dokar ta-ɓaci kan mace-macen miyagun ƙwayoyi. Kashi 33 cikin 100 na marasa matsugunin da aka ƙidaya a 2023 'yan ƙabilun asalin ƙasar ne, alhali kusan kashi 2 ne na jama'ar yankin. Amma akwai lissafin kuɗi a ƙarƙashin wannan duka. Kason haya a tallafin da lardi ke ba marar galihu ya tsaya a dala 375 a wata daga 2007 har 2023, kafin a ɗaga shi zuwa 500. Tsofaffin otal-otal masu ɗaki ɗaya-ɗaya da banɗakin haɗaka, waɗanda su ne matattarar ƙarshe kafin titi, suna ta ƙarewa: wasu an rufe su saboda lalacewa, wasu an gyara an ninka kuɗinsu.

Masu bincike biyu, Gregg Colburn da Clayton Page Aldern, sun kwatanta biranen Amurka a wani littafi da suka fitar a 2022, suka gano cewa yawan marasa matsuguni a gari bai bi yawan talauci, shaye-shaye ko taɓin hankali ba. Tsadar haya da ƙarancin gidajen da ke buɗe ya bi. Detroit ta fi San Francisco da Seattle talauci nesa ba kusa ba, amma kason marasa matsuguninta bai kai nasu ba. Jihar West Virginia ita ke gaba a mace-macen ƙwayoyi, kuma masu kwana a titi ba su da yawa a cikinta. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ma ya gano a 2020 cewa ƙarin dala 100 a matsakaicin kuɗin haya na tafiya da ƙarin kashi 9 cikin 100 na marasa matsuguni. Larurar mutum ita ke nuna wanda zai fara rasa gida. Tsadar gari ke nuna mutum nawa za su rasa.

Hanyar da Finland ta bi

Tsohuwar hanya ita ce a sa marar matsuguni ya bi mataki-mataki: ya kwana a ɗakin kwanan jama'a, ya daina sha, ya karɓi magani, sannan a ba shi gida. Da yawa kan faɗi a tsakiya su koma titi. A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam, Sam Tsemberis, ya juya tsarin a New York: a fara ba mutum gida da yarjejeniyar haya da sunansa, ba sharaɗin daina komai, sannan a kawo masa ma'aikatan jinya da na walwala. Kanada ta gwada wannan tsakanin 2009 da 2013 a birane biyar, har da Vancouver, da mutum fiye da 2,000. A wata shidan ƙarshe kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka ba gida suna cikin gidajensu ba yankewa, a rukunin da aka bari a tsohuwar hanya kuwa kashi 31 ne.

Finland ta mai da tsarin manufar ƙasa a 2008. A titin Alppikatu da ke Helsinki, wani masauki mai gadaje 250 an mai da shi fulat 81 a 2012, kowane mazauni da mabuɗinsa, yana biyan haya da tallafin gwamnati, ma'aikata na nan dare da rana. Marasa matsuguni a ƙasar sun ragu daga wajen 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 4,000 a 2023. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne samuwar gidajen da za a ba su: wata gidauniya da aka kafa a 1985 ta mallaki fulat kusan 18,000, hukumar Helsinki kuma ita ke da mafi yawan filayen birnin, tana gina gidajen haya masu sauƙi ba fasawa. A 2024, bayan gwamnati ta rage tallafin haya, adadin ya sake hawa a karon farko cikin fiye da shekara goma.

Inda muhawarar ta tsaya

Vancouver da lardinta sun koma kan batun gini. A 2023 birnin ya ba da izinin fulat har shida a filin da a da gida ɗaya kawai aka yarda, lardi kuma ya tilasta wa sauran garuruwa irin wannan sassauci. A gefen gadar Burrard, al'ummar Squamish, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin yankin, tana gina benaye 11 masu fulat kimanin 6,000 a kan filinta, wanda dokar tsara gari ta birnin ba ta hau kansa ba.

Daga abin da aka gani a Kanada da Faransa, harajin gidan da ba kowa na aiki ne idan abubuwa uku suka haɗu: gari mai ƙarancin gidan haya, inda gidan da aka buɗe zai samu mai shiga nan take, cikakken rajistar gidaje da masu su da ƙimarsu, da hukumar da za ta iya bincike ta kuma karɓi kuɗin daga masu ƙarfi. Wannan ya shafi birane irin Abuja, inda ake yawan kiran a ɗora haraji kan manyan gidajen da ke kulle a Maitama da Asokoro, yayin da ma'aikata ke sammako daga Mararaba, Nyanya da Suleja, suna kuma biyan hayar shekara guda a dunƙule. Sharaɗi na farko ya cika a can, na biyu da na uku su ne aikin da ke gaba, kuma ko an buɗe gidajen, farashinsu ya yi wa ƙaramin ma'aikaci nisa.

Mafi yawan masana yanzu sun yarda cewa harajin na dawo da wasu gidaje kasuwa, yana kuma samar da kuɗin da za a iya gina gidaje masu sauƙi da shi, amma shi kaɗai bai taɓa sauko da haya ko rage masu kwana a titi a wani gari ba. Saɓanin da ya rage yana kan yawan abin da ya kamata a karɓa, da waɗanda za a yi wa rangwame, da kuma ko ragowar giɓin 'yan kasuwa za su cike shi idan aka sassauta dokokin gini, ko sai gwamnati ta koma gini da kanta kamar yadda ta yi a Kanada kafin 1993.